Daminar da Baba Ya Yi Noma a Kwamfuta

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a tsakiyar daminar shekarar da nake aji biyar na firamare, aka kifa tsohon turmin Inna a tsakar gidanmu aka ɗora kwamfuta a kansa. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, kaji sun fito daga ƙarƙashin rumbu suna karkaɗe jiki. Yaya Habibu, babban yayanmu, ya tsuguna a gaban turmin da taɓon gona har gwiwa, ni da ƙanena Ɗanjuma muka sa shi a tsakiya kamar za mu shige jikinsa. A fuskar kwamfutar akwai wani fili kore shar, an ja masa layuka a tsaye da a kwance, sun yanka shi gida-gida. Yaya ya ɗauko hoton akuya daga gefe ya ajiye kusa da wani ɗan ɗaki, ya ɗora hannuna a kan maus, ɗan abin nan da ake turawa, ya ce in kama ɗigon da ke kusurwar akuyar in ja a hankali. Ni kuwa ban san a hankali ba a lokacin. Na fizga, sai ga akuya ta kumbura ta cika fuskar kwamfutar, ɗakin ya koma tsakanin ƙafafunta kamar akurki. Ɗanjuma ya faɗi ƙasa yana dariya. Inna ta leƙo daga madafi da muciya a hannu, ta ce wannan in ta shiga gonar mutum sai dai a yi ƙaura. Muna cikin shewa muka ji murya daga ɗakin Baba, ƙasa-ƙasa: "Me ake wa dariya haka?" Rabon da mu ji Baba ya tambayi wani abu tun kafin a yi shuka.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwangwan ta Rogo, inda in damina ta kankama ba ka hango gidan maƙwabcinka saboda masara. Baba manomi ne ɗan manomi, mutum ne da bai iya zama ba. In ba ya gona yana gyaran danga, in ba ya gyaran danga yana tufkar igiya ko sassaƙar ƙota, in kuwa duk ya gama sai ka same shi a gindin ceɗiyar ƙofar masallaci yana dara da sa'o'insa, ana jin muryarsa har cikin gida in ya ci. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, "Uwata" yake ce mini. A bazarar shekarar, da hadari ya fara haɗowa ta gabas, ya hau soron zaure zai gyara indararo, tsanin ya goce da shi. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji faɗuwar, kamar an yar da buhun dawa. Ƙashin cinyarsa ya karye can sama kusa da ƙugu. Aka ɗauko wani tsohon maɗori daga Beli a kan babur, ya yi ɗori, ya ɗaure ƙafar da sanduna da tsumma, ya ce kada ta taɓa ƙasa sai ya ba da izini, kuma kada a sa rai da izinin kafin kaka.

Da farko Baba ya ɗauki abin da ƙarfin hali, har yana tsokanar abokan dararsa cewa su sha iska kafin ya tashi. Amma ranar da ruwan shuka ya sauka, maza suka fita da sungumi, yara suka bi su da ƙwaryar iri, gari ya yi shiru, sai Baba ya juya fuskarsa bango. Tun da ya yi wayo ba a taɓa shuka ba shi ba. Ya kashe rediyonsa bai sake kunnawa ba. In na kai masa tuwo, da na dawo ɗaukar kwano sai in tarar ɗan gefe kawai ya gutsura, miya ta yi sanyi. Inna ta gwada fate, ta gwada dambu, ta yanka zakaran da take tattali, duk a banza. Da maɗorin ya dawo duba ƙafa, na ji shi a zaure yana gaya wa Baffa Isa, ƙanin Baba, cewa in mutumin nan bai koma cin abinci ba ƙashin ba zai haɗu ba, kuma ba ya jin zai sake taka ƙafar. Na zaga bayan rumbu na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki, Yaya Habibu ya dawo daga Kano da jakarsa da wata tsohuwar kwamfutar hannu wadda murfinta ya tsage an liƙe da salatif. Washegari ya saɓi fartanyar Baba ya bi Baffa Isa gona. A cikin kwamfutar akwai wata manhaja ta ƙera wasa da wani abokinsa ya sa masa: kai ne za ka shimfiɗa ƙasa, ka dasa itatuwa, ka gina ɗakuna, sannan ka saki wani ɗan mutum ya yi yawo a ciki kana tuƙa shi da madannai. Ita ce ya buɗe mana ranar Larabar nan. Ba mu da lantarki, don haka kullum da safe Yaya zai naɗe kwamfutar a leda ya ɗaure a bayan keke, ya ajiye ta wurin mai cajin waya na bakin titi, in ya taso daga gona ya biya ya ɗauko. Batirin ya tsufa. In an kunna bayan la'asar, kafin a kira magariba ya mutu.

Ba a yi nisa ba aikin ya dawo hannuna, domin Yaya a gajiye yake dawowa, sai ya miƙe a tabarma ya rufe ido yana ba ni umarni da baki. Ɗanjuma kuwa ba ruwansa da gini, shi dai a ba shi ɗan mutumin ya yi ta buga shi da bango. Na koyi gama aikina da wuri yadda ban taɓa yi ba: wanke-wanke, sharar turke, cika randa, in taya Inna surfe, in tsinko kuɓewa a bayan gida, in ruga makarantar allo in biya karatuna in dawo. Ƙawayena su zo ƙofar gida da duwatsun carafke su yi ta kira, in leƙa in ce sai gobe. A makaranta ma in an fita tara, suna 'yar gala-gala a gindin mangwaro, ni ina gefe da tsinke ina jan layuka a ƙasa, ina tsara inda kowane ɗaki zai zauna. Gidanmu na ƙudura zan gina.

Abu na farko da Yaya ya koya mini shi ne kada in ajiye komai sai na san girmansa. Ya ce ɗan mutumin nan gida ɗaya yake ci a cikin layukan, to shi ne ma'auni, kamar mudu a kasuwa. Ƙofa ta ɗan fi shi, kaza kada ta kai gwiwarsa, rumbu ya fi shi tsawo amma kada ya kai ɗaki faɗi. Duk abin da ka taɓa sai wani akwati ya kewaye shi da 'yan ɗigo a kusurwa da gefe. In ka ja na gefe, ta fuska ɗaya abin zai miƙe. Rumbuna na farko ya baje kamar faifai, na biyu ya fito siriri kamar taɓarya. Sai an danne wani maɓalli da hagu ana jan kusurwa da dama sannan tsawo da faɗi su tafi tare. Hotunan da suka zo da manhajar duk na wata ƙasa ne, ɗakuna masu jan rufi mai tsini da itatuwan da ban taɓa gani ba, don haka Yaya ya zana mana namu, rumbu da turmi da kuka da tsamiya, ni kuma na shafa musu launi. Har ta kai ina tsayawa da tulu a ka ina auna ɗakin Inna da madafi da ido, sai ta daka mini tsawa sannan in wuce.

Katanga ce ta fi ba ni wuya. Guntu-guntu ake jera ta, kuma duk yadda na lallaɓa hannuna sai an sami 'yar kafa siririya tsakanin guntu da guntu, ko wani ya hau kan wani. Ido ba ya gani, amma da Ɗanjuma ya saki ɗan mutumin sai ya maƙale a kusurwa, ko ya ɓulle ta cikin bango kamar aljani. Ranar da na yi fushi na ture maus ɗin, Yaya ya tashi yana dariya ya nuna mini wata 'yar alama a sama mai siffar mayen ƙarfe. Mayen ƙarfe kam mun san shi, daga matacciyar rediyo muke ciro shi mu ɗaura masa zare mu ja a cikin yashi ya kwaso ƙusoshi. Ya danna alamar ya ce in sake. Na jawo guntun katanga, tun kafin in kai shi ya ƙwace daga hannuna ya faɗa gidansa, caf, daidai kan layi. Na jawo na biyu ya manne da ɗan'uwansa, ba ko kafar allura. Girma ma, in mayen yana kunne, gida-gida yake ƙaruwa, babu rabi. A yammacin nan na kewaye gidanmu kaf har da zaure.

Da gida ya kammala sai hanya ta fita daga zaure ta tsaya a fili. Ina so ta kai gonar rafi, babbar gonar Baba, amma tana da nisa, ba a aiken 'ya'ya mata can, rabona da ita tun ana goya ni. Na tambayi Yaya, ya ce da barci a bakinsa in je in tambayi mai gonar. Har yau ban sani ba ko da gangan ya faɗa. Na ɗauki kwamfutar hannu biyu kamar ƙwaryar nono na yi sallama a ƙofar Baba. Yana kwance yadda ya saba, bayansa nake gani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce tambaya gare ni: in za a gonar rafi, kuka ake fara tararwa ko burtali?

"Uwata, kai wasanki waje," ya ce.

Ban tashi ba. Na ce ba zan iya ci gaba ba in ban sani ba, ga shi batir zai mutu. Har na fid da rai da amsa. Can ya ce, yana kallon bango, "Kuka tukuna. Burtali sai an wuce gonar Malam Ado." Na ajiye kuka, na ja burtali. Na sake tambaya, ya sake amsawa. Da muka iso gonar na dasa tsamiyar da ya ce tana tsakiya, sai na ji gadon ya yi ƙara. Ya juyo. Ya daɗe yana kallon zaurensa da rumbunansa da turkensa a fuskar kwamfutar, sannan ya nuna tsamiyar da haɓa.

"Wannan ce tsamiyar tawa? Ai wannan ko ɗan akuya ba zai sha inuwarta ba. Ƙara mata."

Na kama kusurwa na ja.

"Ƙara dai. To, tsaya nan."

A kan haka batirin ya mutu. Ina tattara kaya ya ce gobe in dawo da ita.

Ashe Inna tana bakin ƙofa ta ji komai. Washegari da na ɗauko kwamfutar ta tare ni ta karɓe, ta miƙo mini kwanon dambu, ta ɗaga murya yadda Baba zai ji: "Gaya wa Malam, in kwanon nan bai fito wayam ba, na'urar nan ba ta shiga." Na zaci zai yi faɗa. Sai ga kwano ya fito a suɗe, daga ranar kuma ta zama doka. Layukan ba su ba shi wuya ba, yana ganinsu ya ce ai wannan dara ce, kowane ɗa da gidansa. Maus ne ya gagare shi. Hannunsa ƙato ne mai kanta, ga kwanciya ta sa yana rawa, in ya kama itace zai kai gabas sai ya tsince shi a yamma. Na ga ransa ya fara ɓaci yana shirin janye hannu, sai na kunna masa mayen ƙarfe. Ya jawo kunya ɗaya hannun yana karkarwa, da ta kusa sai ta faɗa kan layi ta miƙe sambal. Ya jawo ta biyu ta kwanta kusa da 'yar'uwarta. Baba ya yi dariya har da riƙe cinya. "Wannan abu ya fi shanun huɗa biyayya," in ji shi. Da kansa ya huɗe gonar nan a kwance, maus a kan faranti bisa cikinsa, ya sa dawa a tudu, gyaɗa a gangare wajen rafi, wake a tsakani.

Wuri ɗaya suka saɓa da mayen. Iyakarmu da Malam Ado a karkace take, tana bin tushen gamba da kakanninsu suka dasa. Mayen kuwa bai san karkace ba, duk tushen da na ajiye sai ya ja shi kan layi, iyakar ta fito hawa-hawa kamar matakala, wani wurin har ta shiga gonar Malam Ado. Na ce ai wasa ne, Baba, ba wanda zai gani. Ya ɓata fuska. "Ni na gani. Ba na cin ƙasar mutum, ko a hoto." Aka taso Yaya daga barci, ya nuna mini cewa gidajen ma ana rage musu girma su zama ƙanana yadda abu zai matsa kaɗan-kaɗan, in hakan bai isa ba a kashe mayen a ajiye da hannu. Haka muka yi, tushe bayan tushe, har Baba ya gamsu maƙwabcinsa ya sami abinsa cif. Da Malam Ado ya zo dubiya aka sa na nuna masa. Tsohon ya leƙa ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba sai kore, amma Allah ya saka da alheri.

Daga nan gonar ta fara girma a ɗakin Baba. Kullum Yaya ya dawo zai tsaya a ƙofa ya ba da labari: dawa ta wuce gwiwa, ta kai ƙugu, gyaɗa ta rufe ƙasa ta fara fure. Ni kuma in zaɓi karan dawar duka in ja kusurwa ina gwada su da ɗan mutumin har su kai inda Yaya ya ce. Sai Baba ya karɓi madannai ya tuƙo ɗan mutumin daga zaure, ya wuce kuka, ya tsallake burtali, ya shiga tsakanin kunyoyi, yana tafe yana magana. Nan ƙuduji mai kashe dawa yake fitowa, a cire shi kafin ya yi fure. Nan ƙasar ta gaji, a ƙara mata taki. Yaya ya bar barcin tabarma ya dawo bakin gado yana saurare. A nan na ji abubuwan da ban taɓa ji ba, inda mahaifin Baba ya fara ba shi fartanya, da wurin da mahaifiyarsa, mai sunana, take sauke ƙwaryar fura in ta kawo musu. Rediyo ya dawo, kumatun Baba suka fara cikowa.

Sai marka ta zo. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, irin wanda kaji ke rasa wurin tsayawa, har katangar maƙwabta ta zube. Ranar da ya ɗauke Yaya ya tafi gona, da ya dawo bai nufi ƙofar Baba ba, madafi ya shige wurin Inna. Na ji su suna magana ƙasa-ƙasa. Rafi ya cika ya hau, ya kwanta a kan gyaɗar gangare. Inna ta ce kada a gaya wa Malam yanzu, mutumin da da ƙyar aka samu ya juyo. Na ɗauki kwamfutar na shiga ɗakin Baba, Yaya ya biyo ni ya tsaya a ƙofa yana kallon yatsun ƙafarsa. Baba ya tambayi gona, Yaya ya ce alhamdu lillahi.

"Ni ma kunne gare ni, na ji ruwan nan," in ji Baba. "Rafin nan kuma na san shi tun ba a haife ku ba. Uwata, kama ruwan ki ja. Kai kuma in ta kai inda ya tsaya, ka tsayar da ita."

Na taɓa rafin, akwatin ya kewaye shi, na kama ɗigon gefe. Mayen yana kunne, don haka gida-gida ruwan yake hawa, kowane hawa ya haɗiye kunya guda. Na ja na dakata na dubi Yaya. Ya ce in ci gaba. Shuɗin ya yi ta cin gyaɗar da Baba ya jera da hannunsa har ya taɓo wake, hawaye suka hana ni ganin layukan. Sannan Yaya ya ce, "Nan ne."

Ni ba gyaɗar ce ta dame ni ba, bango nake kallo ina jiran Baba ya juya gare shi. Ya daɗe yana kallon shuɗin nan, sannan ya sauke numfashi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To, dawar tana nan?"

Yaya ya ce tana nan, ko kara ɗaya bai kwanta ba.

"Alhamdu lillahi. Ruwa ba ya daɗewa a wurin, yashi ne a ƙasa. Da ya janye ka je wurin Baffanka ka samo irin dankali, har yanzu da lokaci. Uwata, akwai dankali a cikin abin nan?"

Na ce babu, amma Yaya zai zana.

"To a zana. Ku ce wa Innarku ta kawo tuwon, yunwa nake ji."

A waje na ji Inna ta fashe da kuka, sannan ta hau kaji da faɗa don kada a gane.

Dankalin ya yi. Da kaka ta matso maɗorin ya zo ya kwance ɗori, ya latsa cinyar, ya ce a ba Baba sanda. Ƙafar ta haɗu amma ta ɗan gajarce, da ɗingishi Baba ya ƙare rayuwarsa. Ya fara da ƙofar ɗaki, sai tsakar gida, sai zaure. Ranar da za a fara yankan dawa ya ce sai ya je. Baffa Isa ya ɗaura shanu a amalanke aka shimfiɗa wa Baba tabarma, ya ce kuma da Uwata za a tafi, ai da ita aka yi noman. Hanyar da ban taɓa takawa ba sai ga shi na san ta, tun kafin mu iso kwana in faɗi abin da ke gaba. Abin da ban sani ba shi ne hayaniyar tsuntsaye a kan zangarniya, da yadda ganyen dawa ke yankan hannu. Aka sauke Baba a gindin tsamiya. Ya dogara sanda ya ɗaga kai yana kallon rassanta, sannan ya kalle ni ya ce, "Uwata, ashe mun ƙware ta. Ta fi yadda muka yi ta." Ya sa aka karyo masa zangarniya, ya murza a tafinsa ya hure, ya zuba mini rabi ya watsa rabi a baki.

Ba a gama sussuka ba aka janye yajin aiki, Yaya ya koma Kano da kwamfutarsa. Daga baya ta mutu murus, masu gyara suka ce ba abin da za a iya cirowa, gidan da gonar da iyakar Malam Ado duk suka tafi tare da ita. Ni dai abin ya riga ya shiga raina. Da na gama sakandare na ce kwamfuta zan karanta, Baba bai tsaya dogon tunani ba, ya ce, "Je ki, ai na san hannunki."

Yau ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. Manhajojin yanzu sun fi waccan nesa ba kusa ba, abu har inuwa gare shi, ana juya shi ta kowace fuska. In na zo darasin auna girman abu da jera shi kan layi, nan da nan ɗalibaina suke kamawa, su gina benaye da titunan da ba su taɓa gani ba. In na je gida hutu, an rushe zauren ƙasa an yi na bulo, akwai sola a kan rufi, 'ya'yan Yaya Habibu kowa da waya a hannu yana wasansa shi kaɗai a lungunsa, ba mai jiran wani. Baba ya rasu shekarun baya bayan girbi, aka raba gonar rafi tsakanin magada.

A garinmu, tsakanin 'ya mace da mahaifinta gaisuwa ce da miƙa buta. Haka muke da Baba kafin ya faɗo, bayan ya warke ma gona da dara suka karɓe shi muka koma haka, sai dai in mun haɗa ido ya yi murmushi. Allah ya sani ban taɓa yi masa fatan ciwo ba, kuma na fi kowa murna ranar da ya taka ƙafarsa. Amma in na tuna shi, ba a tsaye nake ganinsa ba, a kan gadon nan nake ganinsa, ina zaune kusa da kafaɗarsa. Allah ya jiƙan Baba. Ban taɓa samunsa ba kamar a daminar da ya kasa tashi.